Ranar da Majigi Ya Zo Kuje

Asabar, 3 ga Maris, 1973, da hantsi

Jiya motar majigi ta iso Kuje. Sun rataya farin ƙyalle a bangon makarantar da nake koyarwa, ana idar da sallar isha'i gari ya hallara, har da mutanen ƙauyukan gefe da fitilunsu. Na je da matata Lantana da 'yarmu Uwani, don mako guda ke nan yarinyar tana damuna da zancen. Da na ce kaina yana ciwo, da yanzu ina bakin ƙofa ina shan koko kamar kowa.

Fim na farko na takin zamani ne. An sha dariya da wani manomi da jakinsa ya kayar. Sai aka ɗora na biyu, tsoho, duk ya karce, kamar ana ruwa a cikinsa. Mai bayani ya ce a lasifika an ɗauke shi shekara goma sha takwas da suka wuce, a wani sansanin magani, don jama'a su san ciwon nan mai cin yatsu yana warkewa.

Kafin ya rufe baki na gane wurin. Bukkoki a jere. Tankin ruwa. Shingen waya. Layin masu karɓar ƙwaya, kowa da gwangwaninsa.

Sai hoton ya bar layin ya koma gindin wata ɗorawa. Wani yaro yana zaune shi kaɗai, da gajeren wando, yana tona ƙasa da tsinke. Ya ɗago kai. Kunnensa na dama a yage, inda kare ya taɓa cizonsa. Duk Kuje babu wanda bai san kunnen nan ba. Ɗalibaina ma Malam Mai-kunne suke ce mini a bayan ido.

Bai fi numfashi uku a jikin ƙyallen ba.

Wani a baya ya ce, "Kai! Wannan ai kamar Ticha Dallatu ne!" Aka yi dariya. Sai dariyar ta tsaya, ba tare da an ce kowa ya yi shiru ba.

Lantana ba ta waiwayo ba. Na ga dai hannunta ya sauka a kafaɗar Uwani, ya tsaya nan har aka tashi.

Lahadi, 4 ga Maris, bayan azahar

Lantana ta share tsakar gida sau biyu. Ta kawo mini abinci, ta ajiye, ba ta zauna ba. Sai da ta kai bakin ƙofa ta ce, "Malam, kawun nan naka na Zariya, da ka yi shekara uku a wurinsa kana yaro, a wace unguwa ma yake?"

Na ce, "Tudun Wada." Amsar da na saba bayarwa.

Ta ce, "To."

Ban taɓa kwana a Zariya ba.

Litinin, 5 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Bencin gaba babu kowa. Yara arba'in da ɗaya sun cushe a baya kamar kaji sun ga shaho. Na ce a kawo littattafan lissafi, kowa ya zo ya ajiye a gefen tebur ya ja da baya. Da can a hannu suke ba ni, har suna rige-rige.

Uwani tana ajin. Ita kaɗai ta miƙo mini a hannu. Da ta koma mazauninta, Asta, ƙawarta tun suna rarrafe, ta ɗan matsa. Kaɗan ne. Amma na gani, ita ma ta gani.

Na koyar da raba lamba. Ban san abin da na ce ba.

Talata, 6 ga Maris, da asuba

Na duba hannuwana a hasken fitila. Goma ne. Kullum goma ne.

Laraba, 7 ga Maris, da la'asar

Shekaru na yi ina zaton na binne wurin nan. Ashe lulluɓe shi kawai na yi.

Ina da shekara goma sha huɗu Baba ya ɗauke ni daga ƙauyenmu na bayan Uke. Kwana biyu muka yi a ƙafa. Yana gaba, ina baya, goran ruwa biyu, nasa daban nawa daban. Inna ba ta rako mu ko zaure ba, an ce kada ta fito. A bakin shinge ya miƙa wa wani ma'aikaci takarda, ya ce mini, "Bayan girbi zan zo." Ya juya. Na bi bayan rigarsa da ido har ciyawa ta haɗiye shi.

Girbi uku aka yi.

Ba yunwa ce ta dame ni ba, ana ba mu abinci. Ba duka ba, babu wanda ya taɓa dukana. Babu wanda ya taɓa ni ma, wannan shi ne zancen. Duk sansanin tsofaffi ne da 'yan ƙananan yara. Sa'ana babu ko ɗaya. Muryata ta fashe a can, babu wanda ya yi mini tsiya. Gashin baki ya fito, babu wanda ya lura. Da yamma nakan ji samarin ƙauyen da ke ƙetaren rafi suna kokawa, ana kiɗa, 'yan mata suna guɗa. Na haddace sunayensu daga ihun da ake yi musu. Akwai wani Mato da kullum ake kayarwa. Na ɗauke shi abokina. Nakan ba shi shawara a raina, in ce kama ƙafar hagu, Mato. Ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Ranar Lahadi ake ziyara. Nakan wanke rigata tun Asabar, in je gindin ɗorawa, don daga nan ana hango hanya. Wani tsoho mai suna Jacob, wanda ba shi da sauran yatsa ko ɗaya, shi ne ya ce mini wata rana, "Yaro, ka daina wanke riga. Sabulu yana ƙarewa, hanya ba ta ƙarewa." Shi ya riƙa aro mini littattafai wurin ma'aikatan. Ni nake buɗe masa shafi, shi yana gyara mini karatu. Da karatun nan na shiga kwalejin malamai bayan an sallame ni.

Da na koma gida na tarar Inna ta rasu da shekara guda. Na kuma tarar duk ƙauye an san ina Zariya wurin kawu. Baba ne ya faɗa. Na karɓi ƙaryar kamar yadda ake karɓar rigar gado.

Sunan Inna na sa wa 'yata. Shi ya sa muke kiranta Uwani.

Juma'a, 9 ga Maris, bayan sallah

A masallaci an bar tazara a damana da haguna, kamar ta mutum guda. Da aka sallame, mutane suka gaishe ni da hannu a ƙirji. Gaisuwa mai kyau, da tambayar iyali.

Na dawo na tarar da ɗaki a gyare, tukunya a wanke a kife. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce Lantana ta ce a faɗa mini sun je gidan mahaifinta, Baba Yamusa, za su yi kwana biyu.

Keken ɗinkinta ba ya nan. Ba a ɗaukar keken ɗinki don kwana biyu.

Asabar, 10 ga Maris, da safe

Akwai abin da ya hana ni sakat. Kafin hoton ya kai kan yaron, ya bi ta shinge. A bayan wayar akwai wata mace a tsaye, da ƙwarya a ka. Ƙiftawar ido ne. Amma tun ranar nake tambayar kaina: in Inna ce fa? In ta zo aka hana ta shiga fa? In ta tsaya can tana kallona, ni kuma ina tonon ƙasa?

An ce motar tana Gwagwalada har Litinin.

Lahadi, 11 ga Maris, da magariba

Na hau keke tun sassafe. Na sami motar a inuwar wani mangwaro, mai kula da injin yana wanke ƙafa. Sunansa Maude, Bakano ne. Na roƙe shi ya sake nuna mini fim ɗin.

Ya ce, "Malam, da rana tsaka ko na kunna ba abin da za ka gani." Ya dubi fuskata, ya dubi kunnena. Ya daɗe. Sannan ya shiga mota ya fito da wani faifan ƙarfe, ya warware zaren fim ɗin a hankali, yana ɗaga shi sama saitin rana. Kowane hoto bai fi farcen babban yatsa ba. Ya ciro gilashin injin ya ba ni in duba da shi.

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Tanki. Layi. Jacob, na huɗu daga gaba. Shinge.

Matar doguwa ce. Kitson Fulani, manyan 'yan kunne, ƙore uku a jere a kanta.

Inna gajera ce, tana ɗan ɗingishi.

Na ma tuna ta. Mai tallar nono ce. Takan zubo mana ta saman waya, daga nesa, don kada ludayinta ya taɓa gwangwaninmu.

Maude ya ce, "Ita ce?"

Na ce, "A'a."

Ya ci gaba da warwarewa har ya kai kan yaron. Ya ce, "Shekara huɗu ina yawo da fim ɗin nan gari gari. Duk sanda yaron nan ya ɗago kai sai in ce a raina, ko yana ina yanzu. Ashe malami ya zama." Sannan ya ce, "In kana so in yanke wurin in liƙe. Ba wanda zai lura."

Na so in ce e. Sai na ji bakina ya ce, "Bar shi. Ba shi da wani hoton sai wannan."

Da zan tafi ya miƙo mini hannu, ya riƙe nawa gam, kamar yadda ake yi. Sai da na wuce gari na sauka daga keke na zauna a bakin hanya. Wasu Fulani suka wuce da shanu, babbansu ya ce, "Lafiya, Malam?" Na ce ƙaya ce ta shiga taya.

Talata, 13 ga Maris, da azahar

Uwani ba ta zo makaranta ba. Jiya ma haka.

Laraba, 14 ga Maris, da la'asar

Na dafa shinkafa ta ƙone. Na ci haka.

Akwai abin da na gani wata biyu da suka wuce, ranar da ake yi wa Uwani kitso, zanenta ya zame daga kafaɗa. Lantana ta tambaye ni. Na ce makero ne, a shafa mata man shanu.

Ba zan rubuta fiye da haka ba yau.

Alhamis, 15 ga Maris, ƙarfe ɗaya

Na shiga aji na tarar an rubuta a allo da manyan baƙaƙe: KUTURU. Rubutun mai kyau ne, layi a miƙe. Na gane hannun. Ni na koya masa yadda ake ja wa K ƙafa.

Na goge. Na rubuta kwanan wata.

Da aka fita tara, hedimasta, Malam Abraham, ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, kansa a sunkuye yake magana. Ya ce iyaye bakwai sun zo. Ya ce shi bai yarda da surutun mutane ba, amma in zan kawo takarda daga ɗakin shan magani, zai sami abin nuna musu. Ya ce, "Ka gane, Malam Dallatu, ba ni ba ne."

Na ce na gane. Kowa ba shi ba ne.

Asabar, 17 ga Maris, da hantsi

Na je wurin Solomon, malamin ɗakin shan magani. Mutumin Gbagyi ne, Hausarsa ta koyo ce, shekara tara muna gaisawa. Ya rufe ƙofa, ya sa na tuɓe riga, ya duba ni tun daga wuya har tafin ƙafa. Ya matsa gwiwar hannuna, ya matsa bayan kunne.

Ya ce, "Ticha, jikinka ta fi nawa lafiya. Ba komai. Ka warke tun da daɗewa." Ya rubuta, ya buga hatimi.

Na karɓa. Ban tashi ba.

Ya ce, "Akwai wani magana?"

Na ce masa akwai wani tabo a kafaɗar wata yarinya. Ya fi sauran fatar haske. Ba ya ƙaiƙayi. Ba ya gumi.

Ya ajiye alƙalami. Ya ce, "Yarinya na wa?"

Na ninke takardar da ke hannuna.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce wata biyu.

Ya ce, "Haba, Ticha. Kai da ka sani."

Ni da na sani. Duk hanya abin da ƙafafuna suke faɗa ke nan. Ni da na sani.

Lahadi, 18 ga Maris, da rana

Zafi. Ban fita ba. Ba wanda ya yi sallama.

Talata, 20 ga Maris, bayan la'asar

Na je gidan Baba Yamusa. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa a zaure. Ya amsa gaisuwa yana kallon carbinsa. Na miƙa takardar Solomon. Ya ce shi bai iya boko ba, in ajiye nan. Ya aika a kira Lantana, ya tashi ya ba mu wuri.

Ta rame. Ta zauna nesa, kusa da ƙofar cikin gida.

Na ce, "Ga takarda. Lafiyata ƙalau. Tun kafin in san ki na warke."

Ta ce, "Malam, kana zaton ciwon ne ya kore ni?"



Ta ce, "Da ranar da ka zo neman aurena ka ce ga abin da ya taɓa samunka, wataƙila da Baba ya hana. Wataƙila da ni ma na ƙi, ban sani ba, yarinya ce ni. Amma shekara goma sha biyu kana ba ni labarin Zariya. Ka ba ni labarin kasuwarta. Ka ba ni labarin matar kawunka mai rowa, har na tsane ta, har nakan yi maka kuka. Matar da babu ita a duniya. To wa na aura? Wanda ya zauna a Zariya na sani, shi kuwa ashe babu shi."

Na ce tsoro ne.

Ta ce, "Na san tsoro ne. Tambaya ɗaya zan yi maka, don Allah kada ka kai ni Zariya. Ranar da na nuna maka kafaɗar Uwani ka ce makero ne. Ka sani, ko ba ka sani ba?"

Akwai wata tsaka a bangon zauren. Na kalle ta har ta shige rami.

Na ce, "Na yi zato."

Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta gyara mayafi. Ta ce, "Juma'a zan kai ta wurin Solomon. In kana so ka zo."

Laraba, 21 ga Maris, da asuba

Na yi zato. Na yi zato. Ko a nan ma ban faɗi gaskiya duka ba.

Juma'a, 23 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya

Solomon ya zaunar da ita a benci, ya yago auduga ya murza ta ta yi tsini. Ya ce, "Uwani, ki rufe ido. In ka ji abu ya taɓa ki, ki nuna wurin da yatsa. Wasa ne."

Ya taɓa wuyanta. Ta yi dariya ta nuna. Ya taɓa hannu, ta nuna. Ya taɓa kumatu, ta ce, "Cakulkuli!" Har Lantana ta kusa murmushi.

Sai ya koma kafaɗa.

Tana zaune, ido a rufe, yatsa a ɗage, bakinta a shirye da dariya. Tana jira. Audugar tana yawo a kan tabon, sama da ƙasa.

Ta ce, "Baba Solomon, ka taɓa mana."

Lantana ta fita waje.

Daga baya ya ja ni gefe. Ya ce, "Ticha, ka ji ni da kyau. Ba daga wurinka ba ne. Wanda ya warke shekara goma sha shida ba ya ba kowa. Kasuwa ne, rafi ne, ko'ina ana samu. Kuma an kama shi da wuri. Yanzu ba a kai mutum sansani. Ƙwaya ne kawai, kowane Alhamis, nan bayan ɗaki. Ko farce ɗaya ba za ta rasa ba."

Na ce na gode.

Ba farce nake wa kuka ba. Amma wa zan yi wa bayani?

Lahadi, 25 ga Maris, da yamma

An yi ruwan farko. Ƙasa ta yi ƙamshi, yara suna ihu a layi.

Baba Yamusa ya aiko a kira ni. Ya ce ya yi tunani. Yana da ƙanwa a Keffi, gidanta a bayan gari, babu yawan shiga da fita. A kai yarinyar can ta sha maganinta a ɓoye. In an tambaya a ce ta tafi karatu. In ta warke ta dawo, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani, ta yi aurenta kamar kowace 'ya.

Ban san sanda na miƙe tsaye ba. A gaban surukina, a zaurensa. Na ce, "Baba, ba za a kai ta ko'ina ba." Muryata ta fita har waje. Na ce a yanka ni, amma ba za a kai ta ba.

Ya dube ni ya ce, "Malam Dallatu, kai da aka ɓoye naka, ai ga shi ka yi karatu, ka yi aure, ka haihu. Ita da kake so a bar ta a idon gari, wa zai ci abin hannunta? Wa zai aure ta?"

Na koma na zauna. Har yanzu tambayar nan tana bina.

Daga bayan labule Lantana ta ce, "Baba, a bar ta nan." Shi ke nan abin da ta ce. Ba don ni ta faɗa ba, na sani.

Talata, 27 ga Maris, da azahar

Yara shida sun dawo bencin gaba. Takardar Solomon da na nuna wa hedimasta ta yi aiki. Ban ji komai ba.

Alhamis, 29 ga Maris, bayan azahar

Na nemi izini wurin hedimasta, na je na ɗauko Uwani. Ƙarfe goma Solomon yakan buga wani tsohon ƙarfen mota da ke rataye a mangwaron bayan ɗakin magani, masu karɓar ƙwaya su taru. Shekara tara ina jin ƙarar nan daga aji, ina yin kamar ban san ko ta mece ce ba.

Mutum goma sha uku ne, duk manya. Wata tsohuwa ta matsa ta ba ta wuri a kan gungume. Na tsaya a bayanta, na ɗora hannu a kanta. Na yi niyyar duk wanda zai wuce ya gan mu, ya san yarinyar nan tana da uba.

An kuwa gan mu. Hanyar rafi ta nan ta bi. Mata suka riƙa rage tafiya. Asta ta wuce da tulu, ita da wasu 'yan mata biyu. Ba ta ɗaga kai ba.

Uwani ta haɗiye ƙwayar ba ruwa.

A hanyar komawa tana gaba, ina baya. Muka kai mararraba, inda hanyar gidana ta rabu da ta gidan kakanta. Ta tsaya tana kallon yatsun ƙafarta.

Ta ce, "Baba, shekara nawa zan yi ina sha?"

Na ce, "Uku. Wataƙila fiye."

Ta ƙirga a yatsu. Ta ce, "Zan kai sha huɗu."

Na ce, "Kowace Alhamis ina nan tare da ke. Ko ruwa ake, ko me ake. Ba zan fasa ko ɗaya ba."

Sannan ta ce, a hankali, yadda take yi in za ta roƙi abu, "Baba, don Allah kada ka ƙara zuwa."

Na ce me ya sa.

Ta ce, "In ni kaɗai ce, zan bi ta bayan gonar rogo, in ce Kaka ya aike ni karɓar maganin tari. In kana wurin kowa ya san ko mene ne. Kai suke fara gani."

Na buɗe baki. Ina da magana mai yawa, ta shekara goma sha takwas. Na dubi fuskarta, na ga ba ta neman ko ɗaya daga ciki.

Na ce, "To, Uwani."

Ta ce, "Na gode, Baba." Ta durƙusa kaɗan, ta bi hanyar gidan kakanta.

Asabar, 31 ga Maris, da safe

Na gode, Baba.

Litinin, 2 ga Afrilu, ƙarfe biyu

Uwani ta dawo makaranta. Da kanta ta zaɓi bencin ƙarshe, kusa da taga. Littafinta a gefen tebur ta ajiye, cikin na sauran.

Lissafinta duka daidai ne. Na rubuta mata "Da kyau ƙwarai". Na daɗe ina neman abin da zan ƙara.

Laraba, 4 ga Afrilu, da magariba

Gobe Alhamis. In na je, na karya abin da ta roƙa, abu ɗaya tak da ta taɓa roƙona da irin wannan murya. In ban je ba, za ta zauna a gungumen nan cikin tsofaffi ita kaɗai. Shekararta goma sha ɗaya, ba ta san abin da ta roƙa ba. Ko kuwa ta sani, ni ne ban sani ba.

Na goge takalmina. Na mayar da su ƙarƙashin gado. Na sake fito da su.

Alhamis, 5 ga Afrilu, da azahar

Ƙarfe goma saura kwata ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, zan fita." Malam ta ce, ba Baba ba. Na ce je ki. Ta taga na ga ɗankwalinta ya shiga gonar rogo.

Ina ba su shifta aka buga ƙarfen. Sau uku.

Na tsaya da littafi a hannu. Yara arba'in suna jira, fensir a sama. Ɗaya ya ce, "Malam, mun rubuta."

Na karanta musu layi na gaba.